Yaya ake gane mai bi ya girma cikin ruhaniya?

Malam Bulus: Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. A wata mai zuwa za a yi zaɓen dattawa a ekklesiyarmu, kuma sunaye sun fara yawo. Wani ana cewa ya daɗe a coci, tun ana sujada a ƙarƙashin rumfa yana nan. Wani ana cewa shi ya sayi kwanon rufi. Wani kuma ana cewa in ya yi addu'a sai gini ya girgiza. Na zauna da 1 Timoti 3 da Titus 1, na ga abin da Manzo Bulus ya jera kusan duka hali ne: marar abin zargi, mai kamunkai, mai karɓar baƙi, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba, mai iya riƙe gidansa, wanda na waje ma suke shaidarsa. Gwaninta guda ce kawai a ciki, iya koyarwa. Ban da cewa kada ya zama sabon tuba, babu shekaru, babu yawan baiko, babu ƙarfin murya. To tambayata biyu ce. Yaya ake gane mutum ya girma cikin Ubangiji? Kuma ta wace hanya ake kaiwa can? Ina so in ji manya da yara duka.

Danjuma: Malam, amsar ba ta da wuya. Iko. Wanda ya girma ana ganin ikon Ruhu a rayuwarsa. Yana azumi, yana kwana a addu'a, in ya ɗora wa marar lafiya hannu abu yana faruwa. Matsalar majami'unmu ke nan, mun cika da dattawan da ba sa iya addu'ar minti 10 ba tare da gyangyaɗi ba.

Maman Talatu: Ku tambayi matarsa.

Malam Bulus: Mama, ku ɗan faɗaɗa mana.

Maman Talatu: Ɗana, mu a zumuntar mata babu abin da ba ya zuwa kunnenmu. Akwai mutumin da in ya hau bagadi sai ka ce mala'ika, amma in ya tura ƙofar gida yara su watse kamar an ce ga kura. Akwai wanda bai taɓa riƙe makirfo ba, amma matarsa ta kwanta ciwo shi ya ɗauki tukunya ya girka, bai damu da me maƙwabta za su ce ba. Matar mutum, da 'ya'yansa, da yaron shagonsa, da wanda yake binsa bashi, su ne suka san matsayinsa. Mu da muke ganinsa ranar Lahadi cikin babbar riga ba mu san kome ba.

Fasto Ayuba: Ɗan'uwa Danjuma, mu je Koranti tare. Bulus ya zauna a garin shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa, Ayyukan Manzanni 18:11. A farkon wasiƙarsa ta fari ya shaida musu cewa ba su rasa wata baiwa ba, 1:7. Harsuna akwai, annabci akwai, ilimi akwai. Amma a sura ta 3 ya kira su jarirai, ya ce madara ya ba su domin ba su isa cin abinci mai tauri ba. Mene ne hujjarsa? Kishi da jayayya, da rabuwa gida-gida, wannan na Bulus, wancan na Afolos. A sura ta 6 suna kai juna kotu. A sura ta 11 masu hali suna cinye abinci a teburin Ubangiji, matalauta suna komawa da yunwa. Ekklesiyar da ta fi kowace yawan baye-baye a Sabon Alkawari ita ce aka fi kira da ƙuruciya. Baiwa kyauta ce, ana iya ba wanda ya tuba jiya. Abin da Galatiyawa 5:22-23 ta jera kuwa, ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u, kamunkai, ba ya fitowa a dare ɗaya. Ka kuma tuna Matiyu 7:22-23, inda masu annabci da fitar da aljanu suka ji an ce ba a taɓa saninsu ba. Wannan ayar ta fi tsorata mu masu wa'azi fiye da kowa.

Danjuma: Baba Fasto, na ji, kuma ban musa ayoyin ba. Amma ku yarda da ni cewa da yawa suna fakewa da "hali" don su rufe sanyin zuciya. Mutum ba ya addu'a, ba ya bishara, bai taɓa kawo rai ɗaya ga Yesu ba, sai a ce ai mutum ne mai sanyin hali. Akwai arna da Musulmi masu sanyin hali fiye da shi. Yesu da kansa ya kwana yana addu'a kafin ya zaɓi sha biyun, Luka 6:12. Shi da ba shi da zunubi. Mu fa?

Fasto Ayuba: Wannan gaskiya ka faɗa, kuma ba zan rage mata kome ba. Sanyin jini na haihuwa daban, tawali'un da Ruhu ke haifarwa daban. Yahaya 15 ta ce reshen da bai zauna cikin itacen inabi ba ba ya iya kome. Mutumin da ba ya addu'a ba zai girma ba. Abin da nake cewa shi ne, addu'a hanya ce, kuma in an bi hanya ya kamata a ga inda ta kai mutum. In ka fito daga addu'ar dare ka zagi mai acaɓa a kan naira 50, sai mu tambaya da wa ka kwana kana magana.

Baba Dauda: Jikana ke rubuta mini, idona ya yi rauni. Ina gaishe ku duka. A zamaninmu ba a yi wa mutum baftisma da sauri. Sai ka zauna ajin masu bi, wani ya fi shekara a ciki. Ana so ka koyi karatu domin ka buɗe Littafi Mai Tsarki da kanka. Na Hausa cikakke ya fito tun 1932, shi iyayenmu suka riƙe, kafin wanda aka sabunta a 1979. Mutanen da Hausa ba harshen uwarsu ba ne sun zauna da fitilar aci-balbal suna haɗa baƙi har suka iya. Kafin ranar baftisma dattawa sukan zagaya unguwa su tambaya: ya daina shan burkutu? Ya biya bashin da ake binsa? Ya shirya da ɗan'uwansa a kan gona? Da shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya zo a shekarun 1960, muna taruwa gida-gida mutum kaɗan-kaɗan muna addu'a, kowa ya san damuwar kowa, sa'an nan mu fita ƙauyuka biyu-biyu. A nan muka girma. Yanzu mutum dubu a ɗaki ɗaya, ba wanda ya san sunan na kusa da shi.

Maganar shekaru kuma, ku bar ta. Byang Kato ɗan Kwoi an haife shi 1936, ya zama babban sakataren ekklesiyar ECWA a 1967, ya rasu 1975 bai kai 40 ba. Har yau ana karanta abin da ya bari. Na kuma san masu furfura da suke fushi don ba a ba su kujerar gaba ba.

Rifkatu: Baba, ina girmama ku ƙwarai, kuma abin da kuka faɗa a kan ƙananan tarurruka na karɓa. Amma ku ba ni dama in faɗi ɗaya gefen. Wancan tsarin ya kuma koya wa mutane ɓoyewa. Tun da abin da ake dubawa shi ne giya da rawa da tsawon siket, sai kowa ya gyara waje. Na girma ina ganin yarinyar da ta yi ciki ana sa ta a bencin baya a ƙarƙashin horo, kowa yana kallonta, wanda ya yi mata cikin kuwa yana cikin mawaƙa domin babansa babba ne. Su dattawan da suka yanke wannan hukunci, sun girma ke nan?

Abu na biyu ya fi ci mini rai. Mu mata, kullum ma'aunin girmanmu shi ne haƙuri. Miji ya doke ki, ki yi haƙuri. Ya kwashe kuɗin sana'arki, ki yi haƙuri, ki ƙara addu'a. Ranar da kika buɗe baki sai a ce ba ki da ruhaniya. Na san wata baiwar Allah da aka riƙa maida ta ɗakinta da wannan kalma har sai da ta rasa ji a kunne ɗaya. In wannan ne girma, to a sake duba shi.

Maman Talatu: 'Yata Rifkatu, ba ki yi ƙarya ba. Mu iyaye mata muna da hannu a ciki, domin abin da aka gaya mana muka gaya muku. Amma kada ki zubar da haƙuri gaba ɗaya. Aure ba ya tsayawa ba tare da shi ba, ekklesiya ma haka. Haƙuri da halin mutum daban, rufe laifin da zai kashe ki daban.

Fasto Ayuba: Rifkatu, a Filibi an yi wa Bulus da Sila dūka a fili ba tare da shari'a ba. Sun raira waƙa a kurkuku da tsakar dare, wannan haƙuri ne. Da gari ya waye aka ce su tafi a ɓoye, Bulus ya ƙi, ya ce mahukuntan su zo da kansu su fitar da su, Ayyukan Manzanni 16:37. Mutum ɗaya, dare ɗaya, ya yi duka biyun. Afisawa 4:15 ta ɗaura girma a kan faɗin gaskiya cikin ƙauna. Macen da ta je wurin dattawa ta ce mijina yana dūkana, ta yi aikin babba. Dattijon da ya kore ta da "je ki yi haƙuri" bai kuma kira mijin ba, shi ne yaron. 1 Timoti 3:3 da Malam Bulus ya kawo ta hana mai dūka zama shugaba, amma sau nawa ake tambayar wannan kafin zaɓe? Horo kuma, Galatiyawa 6:1 ta ce masu ruhaniya su komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, suna lura da kansu. Manufar a komo da shi ne. In an hori yarinya an bar saurayi, son kai aka yi, kuma Yakubu 2:9 ta kira son kai zunubi.

Ishaya (Mubi): Ina bin maganar tun safe. Bari in kawo abin da idona ya gani. A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram suka shiga Mubi, suka kuma mamaye Kwarhi, hedkwatar ekklesiyarmu ta EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, har shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Mun gudu ta duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru. A wannan tafiya muƙami bai yi aiki ba. Na ga mutanen da muke kira manya suna ɓoye ruwa. Na ga wata tsohuwa da ba ta iya karatu ba ta goya ɗan da ba nata ba, iyayensa ba a san inda suke ba, tana raba ɗan ƙuli-ƙulin da ke bakin zaninta. Da dare in yara suka fara kuka ita ke jan waƙa a hankali. Ba ta taɓa riƙe ko da ma'ajin zumunta ba.

Da muka dawo jarabawar ta fi ta gudu wuya. Ka tarar da ƙofarka ko katifarka a gidan wanda ka sani. Kana ganinsa a kasuwa kullum. Ekklesiyarmu tun kafuwarta a Garkida a 1923 tana koyar da salama, mun haddace Matiyu 5 tun muna yara, amma haddacewa ba ta taɓa tsada ba sai a lokacin. A Janairu 2020 kuma Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi a Michika. Duk wanda ya ga bidiyon da aka fitar ya ga mutum a hannun masu kashe shi yana magana a natse, yana cewa bai karaya ba domin kome yana hannun Allah. Irin wannan natsuwa ba a ranar ake samo ta ba. An daɗe ana tara ta.

Gidiyon: Ku yi haƙuri amma wannan maganar ce ta gama da mu. Kullum gafara, kullum a juya ɗaya kuncin. An binne mutane a rami ɗaya a ƙauyenmu, har da ƙanwar mahaifiyata. Washegari aka zo ana mana wa'azin gafara. In girma shi ne mu zauna a yanka mu, ni ban shirya girma ba.

Mai kula da zaure: Ɗan'uwa Gidiyon, Allah ya ta'azantar da kai da iyalinka. Ka faɗi abin da ke ranka, wurin naka ne. Roƙona ga kowa, kada a kira sunan wata ƙabila ko addini da zagi. Wanda ya yi zan goge.

Fasto Ayuba: Gidiyon ɗana, wanda ya zo maka da wa'azin gafara washegarin jana'iza ya yi gaggawa. A Littafin Ayuba, abokansa sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma shi ne abu mafi kyau da suka yi a littafin. Littafi Mai Tsarki bai hana ka kuka ko fushi ba. Karanta Zabura 10, da 13, da 88 wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da ta'aziyya ba, an kuwa bar ta a cikin Littafin. Bai kuma hana tsaro ba: Nehemiya 4:9 ta ce sun yi addu'a suka kuma sa masu gadi dare da rana. Neman hukuma ta yi aikinta, da kai ƙara, da faɗa wa duniya abin da ya faru, duk ba a hana ba, Romawa 13 ma ta ce aikin hukuma ne ta hukunta mai mugunta. Abin da aka hana shi ne ramuwa, Romawa 12:19. Ga inda layin yake: ranar da matasa suka tare hanya suka sauke matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don sunansa ko rigarsa, ranar mun zama abin da muke kuka da shi. Babba a irin wannan rana shi ne wanda ya tsaya a gaban yaran unguwarsu ya ce ba za a taɓa mutumin nan ba. An yi irin waɗannan mutane a ɓangarorin biyu, Kirista da Musulmi, kuma da yawa a cikinmu suna raye saboda su.

Salomi (Maraɗi): Gaisuwa daga Nijar. Mu nan ba mu kai biyu cikin ɗari ba, saboda haka ba mu da inda za mu ɓuya a cikin taro. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai. Bayan haka abin da ya rage mana shi ne yadda za mu zauna da maƙwabta, kuma wasu maƙwabtan Musulmi ne suka ɓoye masu bi a gidajensu. A wurinmu ana gane Kirista ya girma a kasuwa ne. Tiyarsa cikakkiya ce? In an ba shi ajiya ana samu? In ya ce gobe, goben ce? Akwai tsofaffi a nan da in rigima ta tashi a unguwa ana kiransu shaida ko da ba addini ɗaya ba, domin an san ba sa ƙarya. Abin da 1 Timoti 3:7 ke nufi da shaidar na waje ke nan, mu kullum a cikinsa muke.

Malam Haruna: Akwai ma'auni ɗaya da ba a taɓo ba, ni kuwa a jikina nake jinsa. Ni Bahaushe ne, iyayena Maguzawa ne da suka karɓi bishara. Ana sujada da harshena, ana waƙa da harshena, amma in na shiga wata majami'a a birni da hula da babbar riga sai masu gadi su bi ni da ido har in zauna. Wannan na fahimta, zamani ne. Wanda ban fahimta ba shi ne na cikin gida: an san ka shekaru, ana cin jibin Ubangiji da kai, amma in maganar shugabanci ko auren 'ya ta taso sai a tuna kai wane ne. Ba mu kaɗai ba, ƙabila da ƙabila ma haka ake yi, kowa ya san yadda ake ƙirga ƙuri'a a zaɓen coci. Bitrus ya yi wa'azi ranar Fentikos mutum wajen 3,000 suka tuba, ya ga wahayi, ya shiga gidan Karniliyas. Duk da haka a Antakiya ya janye daga cin abinci da al'ummai don tsoron mutanensa, har Barnaba ya bi shi, sai da Bulus ya tsauta masa a gaban kowa, Galatiyawa 2:11-14. In manzo ya yi tuntuɓe a nan, kada wani ya ce shi ya wuce wurin.

Malam Bulus: Malam Haruna, ka taɓa inda ke ciwo. Sunayen da na ambata, kowane da ƙabilar da ke tura shi. Abin da zan kai wa Fastonmu shi ne a karanta 1 Timoti 3 da Titus 1 a sujada kafin zaɓe, a yi bayaninsu aya-aya, a kuma ba mutane dama su kai wa kwamiti magana a asirce in sun san wani abu. Ko za a karɓa ban tabbata ba, amma zan kai.

Jummai: Don Allah ni ƙarama ce a nan, bara aka yi mini baftisma. Duk kun faɗi yadda ake gane wanda ya girma. Tambaya ta biyu ta Malam Bulus fa? Ni daga ina zan fara? Ina da saurin fushi, kuma a gidanmu ana cewa hali zanen dutse ne.

Baba Dauda: Jikata, wannan karin maganar gaskiya ce in mutum shi kaɗai ne. Amma dubi Yahaya. Yesu ya sa musu suna 'ya'yan tsawa shi da ɗan'uwansa, Markus 3:17. Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓarsu, su ne suka ce a kira wuta daga sama ta cinye su, Luka 9:54. A Ayyukan Manzanni 8 wa aka aika Samariya ya yi wa mutane addu'a su karɓi Ruhu Mai Tsarki? Bitrus da wannan Yahayan. Da ya tsufa kuma wasiƙarsa ba ta da magana sai ƙauna. Wanda ya yi dutsen yana iya sake zanen. Sai dai yana ɗaukar lokaci, kuma ba ya yi ba tare da ke ba.

Fasto Ayuba: Jummai, ki fara da Markus, sura 16 ne kawai. Ki karanta shi daga farko zuwa ƙarshe kamar labari, kada ki tsinci aya ɗaya daga hoton da aka turo a WhatsApp ki ce kin ci abinci. Littafi Mai Tsarki duka sura 1,189 ne, mai karanta uku zuwa huɗu a rana zai gama a shekara, amma kada ki sa tsere a gaba. Gara sura ɗaya da kika yi biyayya da ita. Duk abin da kika ji a wa'azi, har nawa, ki koma ki duba ko haka yake, kamar mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11. Afisawa 4:14 ta ce alamar yaro ita ce kowace iskar koyarwa tana kwasarsa. Yau ga mai sayar da man shafawa, gobe ga mai cewa kakarki ce ta ɗaure ki, jibi ga mai cewa ki shuka iri na kuɗi ki sami miji. Wanda ya san Littafinsa ba a yawo da shi haka.

Fushin kuma, in kin ɓata wa mutum ki koma ki ce na yi laifi, da bakinki, ba tare da "amma" ba. In akwai abin wani a hannunki ki mayar, kamar yadda mai karɓar harajin nan na Yariko ya yi a Luka 19. Wannan komawar tana da ɗaci, shi ya sa take rage fushin gaba.

Maman Talatu: Ki kuma nemi mace babba guda a majami'arku, wadda kika ga gidanta da zaman lafiya, ki manne mata. Ba sai mai muƙami ba. Ki je ki taya ta tsintar shinkafa, ki ga yadda take magana da mijinta in ranta ya ɓaci, yadda take yi in kuɗi ya ƙare. Ki gaya mata abin da kike kunyar gaya wa kowa. Titus 2 ta ɗora mana wannan aiki mu tsofaffi, mun bar shi mun koma rigimar ankon zumunta.

Danjuma: Ki sa lokacin addu'a kuma, ƙanwata, ki riƙe shi ko kina jin daɗi ko ba kya ji. A nan dai ba zan ja da baya ba.

Rifkatu: A nan kam muna tare, Danjuma. Jummai, ki ƙara da wannan: in kin faɗi, kada ki ɓace daga sujada don kunya. Da yawa a nan suke yankewa. Markus da za ki karanta, shi ne ya gudu ya bar su Bulus a tsakiyar tafiya har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa, amma a 2 Timoti 4:11 Bulus ɗin ne ke cewa a kawo masa shi domin yana da amfani.

Jummai: Na gode iyayena. Akwai wata mama da nake tunani, zan je wurinta ranar Asabar.

Gidiyon: Baba Fasto, na karanta Zabura 10 ɗin. Ban san akwai irin wannan magana a ciki ba. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ban gafarta ba, kuma in aka ce in yi addu'a domin waɗanda suka yi abin nan bakina ba ya buɗuwa. Maganar tare hanya na yarda, ba zan shiga ba, zan kuma hana ƙannena. Iyakar inda na kai ke nan.

Ishaya (Mubi): Ɗan'uwa, inda ka kai ɗin ba kaɗan ba ne, kada wani ya tura ka ka furta abin da ba ya zuciyarka. Ni ma bakina ya daɗe bai buɗu ba. Abin da na iya da farko shi ne in ce, Ubangiji ka san su, ka san ni, ka yi abin da ya dace. Daga baya na iya amsa gaisuwar mutumin da kayana ke gidansa. Har yanzu akwai ranakun da abin ke dawowa sabo, musamman in Oktoba ta zagayo. Akwai ƙungiyoyin warkar da raunin zuciya da majami'u da yawa suke yi yanzu, ana zama mutum kaɗan ana magana, ni sun taimake ni, ka tambayi Fastonku ko akwai a kusa da ku. Ka turo mini saƙo ta gefe in ba ka lambata, in dare ya yi maka tsawo ka kira.